Bargon Kuru

Jika huɗu na ba mai gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi,
bargo mai kauri, ruwan toka, da faci a gefe guda.
Na ɗauro shi bayan babur har Jiratawa,
ina tafe ina ƙirga godiyar da zan sha.

Baba Nomau ya juya shi, ya shinshina,
ya ce, "Na wa?"
Na ce, "Na Bikili. Ɗari ya sauko,
ruwan randa da safe har cizon haƙori yake."
Ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi:
"Kuru da bargo?
Gobe sai ka ɗinka wa kada rigar ruwa.

A fadama uwarsa ta haife shi, cikin raɓa,
ba ungozoma, ba murhu.
Tun kaka yake saƙa nasa mayafin,
dubi gashin, ya miƙe tsaye kamar shukar alkama.
Ka danne shi da wannan, zufa ta taru a ƙasa,
iskar asuba ta bi ta kai,
ka sayo masa tarin da kake gudu, da kuɗinka."

Na ce, "Ai ya tsufa.
Damina goma sha tara yana jan amalanken albasa."
Ya ce, "Tsufa daban, rama daban.
Je ka ƙirga mini haƙarƙarinsa."
Na je. Na shafa, na danna.
Ko ɗaya ban samu ba.

Amma dare ya raba, barci ya ƙi.
Sanyi ya hauro daga gulbi
ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kama mini yatsun ƙafa.
Na ce in ni cikin ɗaki haka,
ina ga wanda ke ɗaure a turke?
Na saɓi bargon kamar ɓarawo,
takalma a hannu.

A gindin darbejiya na iske mutum a tsugune.
Ya kange gabas da zana biyu,
ya dama dusa da ɗan kanwa a tsohuwar ƙwarya,
ga harawa ya tula, ta fi ta kullum.
Bai waiwayo ba.
Ya ce, "Wutarsa a ciki take.
Muddin muƙamuƙi na motsi, ba ya jin ɗari.
Kawo hannunka."

Ya ɗora mini shi a gindin kunnen Bikili.
Ɗumi, kamar tuwon da aka rufe.
Ya kai shi ƙarƙashin geza, ya kai shi hammata,
nan ma haka.
"Ran da ka ji nan ya yi sanyi,
ko ka ga ya takure, ya bar abinci,
ko ruwa ya doke shi iska ta biyo,
ran nan ni zan roƙe ka bargon."

Ban ji ƙarshen maganar ba sosai.
Hankalina na kan hannun da ke riƙe da nawa:
ƙashi da jijiya,
sanyi ƙalau kamar ƙarfen garma,
yana rawa, yana ɓoye rawar.
Ta wuyan rigarsa, a hasken tocila,
na ga abin da na kasa ƙirgawa a jikin doki.

Ban ce komai ba. Na warware bargon,
na aza masa a kafaɗa.
Ya ce, "Warin kasuwa yake."
Ya ce, "Jika huɗu? An cuce ka."
Bai ture ba.

Muka zauna.
Bikili na tauna, yana hura hayaƙi ta hanci,
jela na kaɗawa, ba ruwansa da mu.
Can wajen lambu injin ban-ruwa ya tashi,
sannan ladan.
Baba ya ja gefen da ke da facin
ya rufe gwiwa.